Tsayuwar Tunau

Wannan labari tsofaffin garinmu ne suka riƙe shi, su ma daga bakin nasu tsofaffin suka karɓa, kuma duk wanda zai ba da shi yakan fara da cewa a zamanin da ake magana namun daji sun fi mutane yawa. Daga ƙauyukan arewa zuwa bakin Gulbin Kanya tafiyar kwana goma sha ɗaya ce, babu gona, babu rijiya, babu hayaƙin kowa, sai turbar giwaye da ta fatake masu ƙarfin hali. Ɓauna tana yawo garke-garke. Zaki yakan kwanta a kan hanya da rana tsaka, sai dai ayari ya kewaye shi.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na arewa, wanda ake kira Ƙiryawa, aka yi wani maharbi mai suna Tunau ɗan Gajere. Ubansa maharbi ne, kakansa ma haka, amma tun bai cika shekara talatin ba aka daina ambaton su idan ana maganar baka da kibiya. Abin da ya fi kowa da shi sauri ne. An ce yakan saki kibiya ta uku ta farko ba ta sauka ba. Yakan harbi gada yana cikin gudu, ya kakkaɓo zabo yana tsallake rami. Ba ya tsayawa ya auna, domin a ganinsa masu sanyin jiki ne suke aunawa. Idan an dawo daga farauta, makaɗa sukan tare shi tun daga bakin gari suna cewa:

"Tunau na Gajere, walƙiya mai riga tsawa! Kafin a ce ga nama, ka ce a kawo wuƙa!"

Yana da abokin farauta guda ɗaya, Nomau, wanda aka yi musu shayi rana ɗaya. Nomau ba shi da saurin hannu, amma wajen bin sawu babu na biyunsa, kuma wurin uwarsa ya gada. Sunanta Gwamma, 'yar maharba ce, ta tashi tana bin ubanta daji, har ta kai tana iya duban sawun barewa ta faɗi ko mai ciki ce. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ya bar mata 'ya'ya maza biyu, Nomau da ƙanensa Arzika, wanda shi manomi ne, ƙaƙƙarfa, mai zafin zuciya. Tunau Inna yake kiran Gwamma, kuma tuwon gidanta ya fi na gidansu zama a cikinsa.

A wata kaka, bayan an gama kai amfanin gona gida, abokan nan biyu suka tayar da gwanki a wani kwari mai duwatsu. Nomau ya zaga ta gaba don ya tare shi. Tunau ya biyo gangara da gudu, ya hango wuyan gwankin tsakanin itatuwa, ya saki kibiya kamar yadda ya saba. A daidai lokacin wata tsakuwa ta juya a ƙarƙashin ƙafarsa. Kibiyar ta kauce da kamu ɗaya, ta shafi damtsen Nomau. Ƙwarzane ne kawai, irin wanda ƙaya take yi wa mutum bai kula ba. Amma dafin ƙwanƙwani ne a jikinta, sabon dahuwa, na kwana uku. Tunau ya tsotse wurin, ya ɗaure, ya goya abokinsa ya nufi gida da gudu. Kafin su hango rumbunan Ƙiryawa ya ji nauyin da ke bayansa ya sauya.

Dattawa suka zauna a gindin tsamiya bayan an yi jana'iza. Suka ce ƙaddara ce, kowa ya san yadda mutanen nan biyu suke. Arzika ya miƙe ya ce shi bai san ƙaddara ba, ya san wanda ya saki kibiya, kuma ba zai bar shi ba. Ana cikin haka sai ga Gwamma ta shigo, ƙafafunta duk ƙura. Tun da sassafe ta tafi kwarin ita kaɗai. Ta tsaya a gaban Tunau, wanda yake durƙushe, kansa a ƙasa.

"Na je wurin, na duba ƙasa," in ji ta. "Ba ta ɓoye mini komai ba. Lokacin da ka saki kibiyar nan, ƙafarka ɗaya ce a ƙasa, ita ma a kan tsakuwa. Ɗayar tana sama. Dattawa sun ce ƙaddara ce, ban musa musu ba. Amma mutumin da bai iya tsayuwa ba bai kamata a sa masa dafi a kwari ba."

"Inna," in ji Tunau, "duk abin da kika yanke, na ɗauka."

"Ban nemi jininka ba, kuma Arzika ba zai taɓa ka ba muddin ina raye. Abu ɗaya nake so. Kada ka sake ɗana kibiya ga wani abu mai rai sai ranar da ni da bakina na ce ka harba."

Aka kawo ƙarfe, kamar yadda mutanen wancan zamani suke rantsuwa, Tunau ya dafa, ya rantse. Duk wanda ke wurin ya san an gama da shi a matsayin maharbi, domin ba wanda ya ga ranar da uwar Nomau za ta faɗi wannan kalma. Washegari ya wanke kibansa goma sha biyu da toka da ruwa har sau bakwai, ya rataya kwarinsa, ya kama turbar kudu.

Bai tsaya ba sai da ya ƙetare Gulbin Kanya. A gefen kudu ya sami tudu mai baƙar ƙasa, da giginyu, da wata ƙorama da ba ta ƙafewa. Ya yi bukka, ya share 'yar gona, ya riƙa cin kifi da zuma da abin da tarko ya kama. Da ya so, da ya jingine bakan nan ya manta da shi. Amma maganar Gwamma ta hana shi sakat. Shi da makaɗa suke yi wa kirari, a ce bai iya tsayuwa ba! Da farko haushin maganar yake ji. Don ya ƙaryata ta, ya nemi wani tsohon suri da gara ta daɗe da bari, ya kafa faifai a jikinsa, ya ja baya taki hamsin, ya tsaya cak, ya auna, ya harba kibiya goma sha biyu. Biyar ne suka sami faifan. Sauran wata ta yi sama, wata ta yi dama, babu biyu da suka sauka wuri ɗaya.

Ya daɗe yana kallon faifan nan. A ranar ya gane cewa duk shekarun nan manyan namu yake harbi daga kusa, dafi yana ƙarasa masa aiki, shi kuma ana yi masa kiɗa.

Daga nan ya fara daga ƙasa. Wata uku bai taɓa kibiya ba. Yakan fito da safe ya tsaya a gaban surin, ya juya masa gefensa na hagu, ya buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunsa, ya saurari yadda nauyinsa yake sauka. Ya ga ashe a kan 'yan yatsu yake tsayawa, kamar mai shirin gudu. Ya koya wa diddigensa zama. Ya ga idan ya sandare gwiwa jikinsa yakan yi lilo, idan ya sassauta ta kaɗan sai ya natsu. A bakin gulbi akwai wani zalɓe da yake kamun kifi kullum a wuri ɗaya, Tunau yakan zauna yana kallon sa. Tsuntsun yakan sa ƙafa a ruwa a hankali, ya lalubi ƙasa, ya sake lalubawa, kuma ba ya ko duban kifi sai ƙafarsa ta zauna.

Da ƙafa ta samu, sai ya hau zuwa baya da kafaɗa. Ya riƙa ɗora ƙwarya cike da ruwa a kansa, ya ja tsirkiya, ya mayar, ya ja, ya mayar. A makonnin farko kullum a jiƙe yake komawa bukka. Ruwan ya nuna masa abin da ido ba ya gani, cewa yana ɗaga kafaɗar hagu idan ya ja, yana kai kansa ga tsirkiya maimakon ya kawo tsirkiya ga kansa. Ya sauke kafaɗar. Ya zaɓi wuri ɗaya a gefen haɓarsa inda hannun dama zai riƙa tsayawa kowane ja, har wurin ya yi kanta, gemu ya daina fitowa a nan. Ya daina damƙe baka kamar mai shaƙe kaza, ya bar shi ya kwanta a tafin hannu.

Numfashi ne ya fi ba shi wuya. Idan ya riƙe shi duka, sai ya ji bugun zuciyarsa a kan kibiya, tsininta yana rawa. Idan ya sake shi duka, hannu ya mutu. Sai da damina ta zo ta wuce kafin ya sami tsakiya: ya shaƙa yana ja, ya saki rabi, ya dakata, a cikin wannan ɗan shirun ya buɗe yatsu. Kuma ko kibiya ta tafi ba ya motsi sai ya ji saukarta, domin ya lura duk ranar da ya yi ɗokin leƙa inda za ta faɗa, hannunsa yakan riga ta sauka.

A shekara ta biyu ya cire faifai ya sa ƙoƙo. A ta uku ya sa ƙwallon goruba. Bai kuma yarda da ƙasa mai daɗi kaɗai ba. Ya yi harbi a kan yashi, da kan dutse mai santsi, da gangara, da cikin laka, da cikin ruwa har gwiwa yana jan sa. Ya yi a durƙushe, ya yi rana tana dukan idonsa, ya yi bayan ya yi gudu har numfashi yana sama-sama.

A cikin shekara ta ukun nan ne gulbi ya yi ambaliya ya cinye masa gero, ya kwashe tarkunansa. Ya yi kwana shida ba abin da ya shiga cikinsa sai saiwoyi. A rana ta bakwai wani gwanki mai ƙiba ya fito ya tsaya tsakaninsa da surin, taki talatin, ya ba shi haƙarƙari. Babu kowa a dajin nan da zai ba da labari. Tunau yana riƙe da kibiya a hannu, bai ɗora ta a tsirkiya ba. Ya jira har gwankin ya gama kiwonsa ya wuce, sannan ya ɗana, ya fasa ƙwallon gorubar, ya tafi haƙar saiwa.

Tun daga ranar, in ji tsofaffi, namun dajin suka daina gudun sa. Barewa takan yi kiwo a gefen ƙafarsa yana harbi. An ce akwai lokacin da ya ja baka ya tsaya, kurciya ta sauka a kan bakan ta gyara gashinta ta tashi, ba ta san mutum ne ba. A shekara ta biyar abin da yake kafawa a jikin surin wuri ne irin na kuɗin dā, ƙwaya ɗaya, fari, wanda daga taki sittin bai fi ƙwayar wake ba. A shekara ta bakwai wani ayarin fatake ya ratso, madugunsu ya hango shi daga nesa ya ɗauka kututture ne, sai da ya ji ƙarar wurin ya fashe. Suka tsaya suka ga ya fasa bakwai a jere. Marokin ayarin ya yi masa kirari nan take, shi ne kuma wanda muke yi masa har yau:

"Tunau turken ƙirya, iska ta gwada ta haƙura! Dutsen tsakiyar gulbi, ruwa ya gaji ya raba hanya!"

Fataken suka wuce arewa da labarin wani maharbi da ba ya harbin nama, da kuma labarin baƙar ƙasa da ƙorama mai ruwa rani da damina.

A lokacin Ƙiryawa tana cikin wahala. An yi fari shekara biyu, a ta uku da shuka ta yi kyau fara ta sauka ta share ta. Rijiyoyi suka ƙafe. Dattawan da suka zauna a gindin tsamiya yawancinsu sun mutu, maganar gari ta koma hannun Gwamma, wadda ta tsufa har tana dogara sanda. Da ta ji labarin fataken sai ta tara mutane ta ce a ɗaure kaya, za a yi kudu. Gida arba'in suka yarda.

"Inna, kin san wanda ke can," in ji Arzika.

"Na sani. Na kuma san akwai ruwa a can."

Suka yi kwana goma sha shida a hanya, saboda tsofaffi da masu goyo. Da hantsi suka iso bakin Gulbin Kanya, amma ba ta mashigin fatake ba, ta wani wuri ne can ƙasa inda ruwan yake kwance lumui kamar ba zurfi. A nan ne wani tsohon kada yake zaune, wanda tsawonsa ya kai na maza uku, bayansa har ciyawa ta tsiro. Arzika ya ce shi zai fara shiga ya gwada zurfin. Aka ɗaura masa igiyar rama a ƙugu, aka zagaya ta a gindin wata kanya, maza suka riƙe. Ya shiga da rigarsa ta saƙi a jikinsa. Ruwa ya kawo masa cinya, ya juyo zai ce a taho, sai ruwan ya tsage.

Kadan ya kama shi a cinyar hagu ya ja. Maza ashirin suka ja ta nasu gefen. Igiya ta miƙe tana ƙara, Arzika ya zama a tsakiya, rabinsa a ruwa, yana ihu yana dukan kan dabbar da hannu. Aka jefi kadan da masu, suka zame a kan bayansa kamar an jefi dutse. Akwai masu baka a cikin ayarin, amma jikin Arzika ya kare musu kan kadan, babu wanda ya iya sakin kibiya.

Tunau yana gonarsa ya ji ihun. Ya zaro baka da kwari ya sheƙo. Da ya iso bakin ruwa ta gefen kudu ya ga abin da ake ciki, ya kuma gane fuskokin da ke wancan gefe. Daga inda yake ana ganin idon kadan na dama, ɗan rawaya, bai fi wuri girma ba, yana ɓullowa yana nutsewa. Gefen rigar Arzika yana kwance a kan hancin kadan, tsakaninsa da idon faɗin yatsu biyu, a ƙarƙashin rigar kuma cikin mutum ne. Nisan zai kai taki sittin.

Mutane suka gan shi suka ɗauki kururuwa: "Tunau ne! Harba! Harba!"

Bai ko kai hannu kwari ba. Ya tsaya yana duban tsohuwar da ke dogare da sanda a bakin ruwa. Arzika ya waiga ya ga wanda ke riƙe da baka, ya ƙwalla ƙara da sauran ƙarfinsa:

"Inna, kada ki bar shi! Gara kada!"

Gwamma ta ɗaga sandarta, aka yi shiru, sai ƙarar igiya da ta ruwa.

"Tunau!" ta kira. "Ka iya tsayuwa yanzu?"

"Na iya, Inna."

"To, harba."

Waɗanda suka san shi a dā sun zaci kafin ta rufe baki kibiya ta tashi. Sai suka ga ya shiga ruwa a hankali. Gaɓar laka ce mai santsi, ba ta riƙe mutum, don haka ya taka har ruwa ya kawo masa gwiwa, ya murza ƙafar hagu cikin laka sai da ta sami ƙasa mai tauri, sannan ya murza ta dama. Ya ji ta dama ba ta zauna ba, ya cire ta, ya sake mata wuri. Tufka ɗaya ta igiyar ta tsinke, mata suka sa salati da kuka, wani dattijo ya yi ihu yana zagin sa. Tunau ya zaro kibiya, ya duba miƙewarta, ya ɗana. Ya juya wa kadan gefensa, ya sauke kafaɗa, ya shaƙi iska yana ja har hannunsa ya sami kantar haɓarsa. Idon ya nutse. Ya jira, baka a ɗame, ruwa yana tura masa gwiwoyi, tsinin kibiyar bai yi ko rawar gashi ba. Tufka ta biyu ta tsinke. Idon ya ɓullo. Ya saki rabin numfashi, ya buɗe yatsu.

Kibiyar ta shige idon har rabin kyauronta. Kadan ya wangame baki, ya yi wata irin birgima da ta watsa ruwa har kan kanya, mazan da ke jan igiya suka zube da baya, Arzika ya biyo su kan yashi. Waɗanda suka ɗaga kai a lokacin sun ce Tunau yana nan yadda yake, hannun hagu a miƙe, na dama a gefen haɓa, sai da kadan ya juya cikinsa sama ruwa ya tafi da shi, sannan ya sauke baka. Da aka duba rigar Arzika, an ga ramukan haƙora a ƙasanta, amma gefen da ya kwanta kusa da idon ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Tunau ya ƙetaro da iyo. Ya durƙusa ya gai da Gwamma, ta amsa masa kamar jiya suka rabu. Ya ɗaure cinyar Arzika, ya cusa mata saiwar da ya sani, ya nuna wa ayarin mashigi na gaskiya can sama. Shi ya goya Arzika ya ƙetare da shi, ya hau tudu da shi har ƙofar bukkarsa.

"Sauke shi a inuwa," in ji Gwamma. "Wannan ka kawo mini shi da rai."

Gidaje arba'in ɗin nan suka yi bukkoki a kan tudun, suka sare daji, suka shuka, ƙasa ta karɓe su. Matafiya suka riƙa cewa za su wurin mutanen Tunau, har sunan ya zauna, aka ce Tunawa. Gwamma ce ta raba gonaki, ita ce kuma ta naɗa wa Tunau sarautar Sarkin Baka, ta ce ya yi farauta ya ciyar da gari, amma kada ya bar kowa ya sa dafi a kwari sai ya gamsu da tsayuwarsa. Ta rayu damina huɗu a Tunawa, kabarinta yana gabas da ƙorama.

Arzika ya warke, amma da ɗingishi. Shekara guda bai yi wa Tunau magana ba. Idan sun haɗu a hanya yakan kau da kai, idan an aiko masa da nama yakan ba maƙwabta. Tunau bai matsa masa ba. Hankalinsa yana kan samarin gari, waɗanda yake tarawa a gaban surin kowace safiya, kuma suna ba shi wahala. Sun gaji da tsayuwa babu kibiya, sun gaji da ƙwaryar ruwa. Idan ɗayansu ya sami kusa da wuri da faɗin tafin hannu sai ya yi tsalle ya ce ai da barewa ce ta faɗi.

Wata safiya ana cikin wannan gardama sai ga Arzika ya ɗingiso, da rigar nan ta saƙi a kafaɗarsa. Bai gai da kowa ba. Ya wuce har gaban surin, ya kafa sandarsa a ƙasa, ya rataya rigar a kai, ya gyara ta har gefenta ya zo faɗin yatsu biyu daga wurin. Sannan ya juyo ya dubi samarin.

"Ku masu cewa kusa ya isa," in ji shi, "ga ni nan a tsaye. Ku harba."

Babu wanda ya ɗaga baka. Arzika ya matsa gefe, ya dubi Tunau ido da ido, karo na farko tun ranar gindin tsamiya.

"Sarkin Baka, fara musu, su gani."

Tunau ya gyara ƙafafunsa, ya fasa wurin. Daga ranar kullum Arzika yakan zo ya zauna a gefen fili yana gyara wa samari diddige da kan sandarsa, kuma an ce ya fi Tunau tsanani. Tare suka tsufa, jikokinsu suka yi auratayya.

Har yau a Tunawa, kowace shekara idan an gama girbi, babban gidan Arzika yakan fito da rigar nan, ya kafa sanda a gaban suri, ya rataya ta yatsu biyu daga wuri. Duk wanda yake so a kira shi maharbi sai ya tsaya a taki sittin gaban jama'a ya harba sau uku. Ko da bindiga ta shigo ba a sauya komai ba, mai bindiga ma nan yake tsayawa, dattawa kuma ƙafarsa suke fara dubawa kafin su dubi hannunsa. Wanda ya kuskure wuri ta ɗaya gefen, a ce ya dawo baɗi. Wanda ya huda rigar kuwa, sai ya ajiye makaminsa shekara guda, ya kuma zauna a tsakiyar fili ya yi mata faci da hannunsa kowa yana kallo. Yanzu faci ya fi asalin saƙin yawa, kuma kowane ɗaya an san mai shi. Akwai wani ja a wajen kafaɗar dama, mai ɗinki a karkace, na kakana ne. Ba ma ɓoye shi a gidanmu. Da shekara ta zagayo ya koma taki sittin ɗin nan ya fasa wuri uku a jere, kuma ya yi shekara arba'in yana farauta a dajin Kanya ba tare da kibiyarsa ta taɓa sauka inda bai aike ta ba.